Gwanin Burukutu a Lyon

Tun zuwana birnin Lyon, can ƙasar waje, ba wanda ya gayyace ni ko shan shayi, sai ranar da abokan aiki suka ja ni ɗanɗanon giyar pilsner. Na tafi ina taƙama, ni da na tashi a gidan da ake dafa burukutu. A wurinmu giyar kirki kauri gare ta. Wannan kuwa garau, har ina hango yatsuna ta cikin kofin.

Na kurɓa, na girgiza kai. "An cuce ku, an surka ta da ruwa."

Matar shugabanmu ta ce, "Ni na dafa ta. Haka ake son ta."

Ba a sake gayyatata ba. Amma kullum sai wani ya dire mini kofin ruwa a tebur: "Gwani, an surka?" Ina amsawa kuwa, don ita ce kaɗai hirar da nake samu.