Kwandalar da Na Wanke da Toka

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da tsaftata ta kunyata ni a Guangzhou, ni da ko a unguwarmu ta Gwammaja an san ni da goge-goge.

Sana'ata saro jakunkunan mata, kuma na daɗe ina saye a masana'antar wata mata a Shiling, Madam Lin. Ba na jin Sinanci in ban da "ni hao" da "shiye-shiye", wato sannu da na gode, ita kuma Turancinta bai wuce na ciniki ba, amma jininmu ya haɗu. Wata tafiya na kai mata kilishi da turaren wuta. Ta ji daɗi sosai, ta shiga ciki ta fito da wata kwandalar azurfa a naɗe cikin auduga, mai hoton macijin nan nasu mai ƙafafu. Ta damƙa mini ita, ta yi magana a wayarta, wayar ta fassara mini cewa ta mahaifinta ce, in kula da ita sosai, ranar Asabar in zo da ita wani masani zai duba ta.

Da na koma masaukina a Dengfeng na warware audugar, sai na ga abu ya yi baƙi-baƙi, gefensa har da wani shuɗi-shuɗi. Na ce a raina, baiwar Allah, aiki ya yi mata yawa, ko goge gadon ubanta ba ta samu yi ba. To ai ga ma'anar "kula da ita". Na roƙi toka wajen mai gasa nama a Xiaobei (ya daɗe yana kallona kafin ya ba ni), na sayi lemon tsami, na zauna na dirje ta yadda nake wa awarwarona. Inda baƙin ya ƙi fita, na sa soson ƙarfe. Ta fito fes, tana ɗaukar ido.

Ranar Asabar na tafi da Alhaji Sabi'u, wanda ke tura mini kaya gida, don shi Sinanci a bakinsa kamar ruwa. A mota yake gaya mini akwai kamfanonin da ke duba tsofaffin kuɗi, su ba su maki daga ɗaya zuwa saba'in, su rufe a gidan roba. Na ce, "Alhaji, tawa saba'in za ta ci." Bai tambaye ni dalili ba.

Muka tarar da masanin, wani dattijo da farar safar hannu, ga 'yan'uwan Madam Lin sun zo kallo. Na zaro kwandalar daga jaka, na ajiye a tebur da ɗan ƙarfi don ta yi ƙara (wannan ma ashe laifi ne). Ɗakin ya yi tsit. Na ɗauka mamakin kyanta suke, har na sunkuyar da kai irin na wadda ba ta son yabo.

Dattijon ya kafa madubin ƙara girman abu a ido, ya juya ta, ya sake juyawa. Ya ce, "Meyo." Wannan kalmar na san ta, ita ake faɗa mini in kaya sun ƙare. Na ce, "Alhaji, me ya ƙare?"

"Makin, Hajiya. Ya ce ba ta da maki."

"Ko ɗaya?"

"Ba a ba wadda aka goge lamba. Za dai su rubuta cewa ta gaske ce, amma an wanke."

"To ai an wanke ɗin. Ni na wanke."

Alhaji ya rufe ido. Ya ce baƙin nan da na cire shi ne shaidar shekarunta, shi masu tarawa ke nema. Dattijon ya miƙo mini madubin, na leƙa, sai ga zane-zane birjik a jikin macijin kamar kaji sun yi tono. Na kasa fahimta. Na ce to da ta faɗi ta lotsa fa? Aka ce maki zai ragu. Da ta sha hannu ta siɗe? Zai ragu, amma akwai shi. Wato wadda ta sha wuya tana da daraja, wadda aka yi wa wanka ce ba ta da ita. Na ce a nema mini toka a mayar da baƙin. Alhaji ya ƙi fassara wannan.

Madam Lin ta daɗe tana kallon kwandalar, ni kuwa ina jiran ƙasa ta tsage. Can ta yi magana a hankali. Alhaji ya ce, "Wai mahaifinta ya hana kowa taɓa ta da hannu har ya rasu. Amma ta ce bai taɓa ganin fuskar macijin sosai ba, ke kin nuna musu." Sai ta fashe da dariya, tana share hawaye. Har yau ban san wanne ya fi yawa a ciki ba.

Cinikinmu bai tsaya ba, kuma na koyi cewa kafin ka gyara abin mutane, ka tambaya ko ya lalace. Amma na lura duk ranar da na shiga ofishinta, Madam Lin takan tashi ta gaishe ni, sannan ta ɗauke wata tsohuwar butar shayinta da cikinta ya yi baƙi ta sa a kabad ta kulle.