Amaryar Ƙofar Rini

Da hannuna na ƙirƙiro wani wasa a intanet, na manya zalla: duk matsalar lissafin da ka warware, wani ƙato mai gemu na ƙara rikiɗewa zuwa amarya. Na rasa hoto, na sa nawa, don na tabbata babu mai basirar kaiwa ƙarshe.

Na manta Malam, mahaifin Hadizar da zan aura, rabon gado ne aikinsa. Wani ya tura masa. Bai tsaya ba sai da ya gan ni da lalle da ɗaurin ƙirji.

Bai ɗaga murya ba. "Yaro, ɗiyata miji taka biɗa, ba ƙawa ba."

Hadiza ta auri wani. Ni kuwa har gobe mahauta na cewa, "A ba amarya tsoka mai laushi."