Faifan Da Babu Gauraka

A wani daji mai tafki a tsakiyarsa, akwai wata ƙungiyar makaɗa da kowa ke ji da ita. Gauraka ke rera waƙa, Burtu na kan ganga, Gyare kuma na jan goge. Wata shekara suka saɓa a kan sunan wanda za a fara ambata a wajen biki. Gauraka ta yi fushi ta ƙaura gabas, ba ta ko yi sallama ba.

Burtu ya ɗauko Aku a madadinta, ya tara kwaɗi da ƙudan zuma da masu algaita, suka fitar da sabon faifai mai cika kunne. Majalisar daji ta zauna don ta yanke ko ƙungiyar ta cancanci riƙe tsohon sunanta.

Cikin masu hukunci har da Bushiya, tsohuwar da marigayi mijinta ya yi zawarcinta da waƙoƙin Gauraka. Da aka sa faifan, ta runtse ido tana jiran wata gaɓa da ta sani. Gaɓar ta zo, ta wuce.

Jaki ya fara magana: "Ranku ya daɗe, ni dai na ji ƙara, amma na taɓa jin ƙarar da ta fi wannan nauyi." Hawainiya ta ce ra'ayinta ke nan tun jiya.

Burtu ya juyo ga Bushiya. "Inna, ke kaɗai ba ki taɓa fashin wasanmu ba. Faɗi gaskiya."

Ta ce, "Ɗan nan, aikinku ya yi kyau. Aku bai kuskure ko baiti ɗaya ba, kwaɗin ma sun san aikinsu. Amma akwai inda Gauraka kan tsaya ta ja numfashi, daji ya yi tsit. A nan ne mijina kan juyo ya dube ni. Yau na jira wurin, na tarar kun cike shi da algaita. Ban san ko laifinku ba ne ko nawa."

Burtu ya sunkuyar da kai. "Ni na sa a cike shi, Inna. Na kasa jure jin shirun."

Majalisa ba ta ji wannan ba, tana can tana ɗaga hannu. Baki ɗaya ta yanke cewa tsohon faifai ya fi, ta karɓe sunan ƙungiyar. Sannan shugaban majalisar ya aika a nemo musu tsohon faifan, domin 'yan majalisa su samu su saurare shi.