Jatau da Allon Jirgin Babansa

A bakin dam ɗinmu kowa ya san gidan Baba Barau. Mutum uku ne a ciki: shi Baban, da ɗansa Jatau, da Kande matar Jatau, wadda Allah ya zuba wa haƙurin da ni dai ko rabinsa ban samu ba. Jatau ya haura arba'in, ga ƙarfi ga ladabi, amma fa in ka ce masa abu, yadda ya fito daga bakinka haka zai yi shi, ba ragi ba ƙari. Ni da nake suyar kifi a nan shekara ashirin, na sha kallo.

Baba tsohon direban jirgin gudu ne, irin wanda a da ake ɗaura wa igiya yana jan Turawa, suna zamiya a kan ruwa da katako a ƙafa. Da suka tafi suka bar masa shi. Jirgin ya shekara shida a ajiye, ɓeraye sun cinye wayoyin, allon katakon da ke gaban sitiyari, mai ɗauke da agogunan mai da makunnai, duk ya ruɓe. Sai likita ya ce idanun Baba ba za su kai damina ba. Abu ɗaya tsohon nan ya roƙa, a tayar masa da jirginsa ya tuƙa sau ɗaya tun yana gani. Aka kira Isiyaku mai wayarin daga cikin gari, Jatau ya ce shi zai taya shi.

Wata rana Isiyaku ya yanko guntuwar tsohuwar waya, baƙa ƙirin don ƙonewa, ya ce wa Jatau ya je kasuwa ya kawo irinta sak. Jatau ya zaga kasuwa kaf bai samu ba, duk sababbi ne. Ya sayo sabuwa, ya zo murhuna ya zauna yana gasa ta a hankali, yana gwadawa da tsohuwar. Na ce masa me ke nan? Ya ce saura kaɗan ta yi sak. Wallahi kifina na ranar duk warin roba ya yi.

Wata rana kuma, da hantsi, Isiyaku ya damƙa masa wayoyi biyu, ja da baƙa, ya ce kada ya kuskura ya bari su haɗu kafin ya dawo daga sayo fis. Babur ɗinsa ya lalace a hanya. Sai dab da azahar ya iso, ya tarar da Jatau tsaye cikin jirgi hannuwa a ware, gumi na zuba, Kande na ba shi fura a baki da ludayi. Batirin ma fa ba a haɗa ba. Isiyaku ya buɗe baki zai yi faɗa, Kande ta dube shi, ya haɗiye.

Wata rana sabon allo ya iso, katako mai kyau, an shafe shi da fenti sai ƙyalli yake. Isiyaku ya ce wa Jatau duk abin da ke jikin tsohon allon ya mayar da shi jikin sabon, kowanne a mazauninsa, shi zai je ya dawo. Jatau ya ɗaura agoguna da makunnai daidai. Sannan ya duba ya ga akwai saura. Akwai tsaga uku ta wuƙa kusa da makulli, da kan ƙusa a gefen makunnin famfo, da wani ɗan rami da babban yatsa ya cinye. Ya zaro wuƙa ya tsaga, ya buga ƙusa, ya ƙwaƙule ramin da dutse. Da Isiyaku ya dawo ya ga allonsa, zama ya yi a ƙasa ya riƙe kai. Ya ce shekararsa goma sha biyar yana wannan aiki, ba a taɓa ci masa mutunci haka ba.

Washegari da safe aka tura jirgin ruwa, aka kamo hannun Baba aka zaunar da shi. Isiyaku na ta nuna masa, ga makulli can, ga famfo nan. Baba ya zuba wa allon ido, hannunsa a sama, bai san inda zai sa shi ba. Nan muka gane. Ashe ganin ya riga ya tafi, ɓoye mana yake.

Ya sauke hannun a hankali yana lalube. Yatsansa ya faɗa ɗan ramin nan, ya tsaya cak. Ya matsa ya taɓa ƙusa, ya ƙirga tsaga uku, ya murɗa makulli. Injin ya tashi.

"Wa ya mayar mini da alamuna?"

"Ni ne, Baba. An ce duk abin da ke jiki."

Baba ya jawo Jatau kusa, ya ce ya zauna nan, duk abin da ya gani a gaba ya faɗa masa, kada ya rage komai.

Jirgin ya ja. Muna tsaye a gaɓa muna jiyo muryar Jatau: ga ruwa, ga wani ruwan, ga belbela biyu, ɗaya ta tashi, ga kwalekwale ta hagu, ga Baba yana dariya, ga hawaye a gemun Baba.