Garwar Inno Ta Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya cike taf da baƙin ciki, da ido da ya ƙi bushewa, ni Arzika ɗan Sodangi, manomin albasa a Lambara ta ƙasar Shagari, a madadin kaina da iyalina da awakina uku, ina sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Shagari da Bodinga da Dandin Mahe da Horo Birni rasuwar tsohuwar gidanmu, wadda kowa ya sani da Garwar Inno. Ta cika ranar Asabar da hantsi, a bayan rumbu, cikin kakar bana ta 1964, tana da shekara goma sha shida a hannunmu. Rasuwa na ce, kuma rasuwa nake nufi. Wanda ya ga abin dariya ne, ya je ya ɗebo ruwa daga fadama da tafin hannunsa, in ya dawo ma yi magana.

Na gaggauta wannan sanarwa ne don gawar tana cikin haɗari. Duba-gari zai shigo garinmu ranar Laraba. Surukata Rahamatu, matar ɗana Maniru, ta aiko mini da saƙo ta bakin mijinta, tunda ba ta iya tsayawa gabana ta faɗa. Wai a gaya wa Baba, in duba-gari ya tarar da ruɓaɓɓen gwangwani a gida zai ce gidan sauro ne, kuma ita za a yi wa faɗa gaban mata, ba Baba ba, don haka gara a jefa wagga garwa kududdufin bayan gari tun da wuri. Kududdufi! Inda ake jefa mushen jaki! Ni kuwa na yi wa matata, wadda yara ke kira Inno har sunan ya bi ta, alkawari kafin Allah ya karɓi abinsa shekara biyu da suka wuce. Na ce mata muddin ina numfashi, ba abin da ta mora da hannunta da zai kwana a kududdufi.

Marigayiya 'yar Ikko ce. Ta hau jirgin ƙasa har Gusau, abin da ni ban taɓa yi ba, sannan ta shigo Bodinga a bayan babbar mota, cikin akwatin katako, ita da 'yar'uwarta, don tagwaye ne. Aikinta na fari riƙon kananzir, kuma wata uku kacal ta yi a kai. Da mai kantin ya juye ɗigon ƙarshe, a wurinsa ta gama amfani. Inno ce ta gan ta a jingine, ta ba shi kwandon albasa, ta ɗauko ta a ka har gida. Kwana bakwai tana dirzar cikinta da toka da yashi da lemun tsami. Duk da haka, wata guda muka yi muna shan koko mai ɗanɗanon fitila, kuma duk wanda ya yi ƙorafi sai Inno ta ce ai maganin tsutsar ciki ne.

An yanke samanta, aka gicciya mata mariƙin itacen marke da ƙusa biyu, ta shiga aikin ruwa. Sau shida a yini, wani lokaci takwas, daga rijiya zuwa randa, a kan Inno. Tun daga nesa muke sanin sun taho, don marigayiya ba ta iya tafiya shiru. In za a je rijiya tana cewa "ƙwal, ƙwal, ƙwal," in ana dawowa tana cewa "culum, culum." In an kife ta a rana kuwa, da zarar azahar ta kusa sai ta ce "ɓam!" ita kaɗai, ba wanda ya taɓa ta. Inno takan amsa mata daga madafa, mu kuma mu tashi mu yi alwala. Sau da yawa ta riga ladan, Allah ya ba shi haƙuri.

A hankali gindinta ya lotsa daidai da kan Inno. Wata mace in ta ara, sai ta dawo tana ƙorafi wai garwar ba ta zama a kai. To, ina za ta zauna? Ba a kanki aka auna ta ba. Bayan rasuwar Inno, nakan kife garwar da yamma in sa tafin hannuna cikin wannan lotsawar. Ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau.

Marigayiya ta yi wa ƙasarta hidima. Ranar da aka sami mulkin kai, an are ta zuwa Bodinga don kai kunun zaƙi ga 'yan makaranta masu kaɗa tuta. Da kunu ya ƙare, wasu 'yan banza suka mai da ita ganga. Ta dawo da ƙulu a haƙarƙari wanda har ta koma ga mahaliccin ƙarfe bai baje ba. A iya sanina, duk gidanmu ita kaɗai ce ta ji mulkin kai a jikinta.

Daga nan yoyo ya fara. Sau uku Yahaya mai liƙin dalma na kasuwar Bodinga yana yi mata aiki, ta tashi garau. A na huɗu ya ce in bar wahal da baiwar Allah. Muka koma maganin gida: sabulu, tsumma, har da kwalta da na ɓantaro a bakin hanyar mota. Da huda ta yi yawa a gefe ɗaya, Inno ta ce tunda ta nace sai ta yi yoyo, to a bar ta ta yi inda ake so. Ta ɗauki ƙusa ta ƙara mata huda ashirin, muka kai ta lambu. Ku tambayi duk mai fangalin albasa a fadamar Lambara yadda take yi wa irin albasa yayyafi, "shaaa," ba ta kwantar da ko ɗaya.

Ba ta da girman kai. Da safe in za mu lambu, ba ta tafiya wofi. Tokar murhu, ɓawon gyaɗa, kashin awaki, ganyen albasa da ya bushe, sharar tsakar gida, duk ita ke kai su ramin taki. Abin da ya fita daga gidanmu da sunan shara, bayan wata biyar yakan dawo da sunan albasa, wata har ta kai dunƙulen hannu. Ruwan wanke-wanke ma ita ke kai wa bishiyar zogale. Da damina, lokacin hutunta, kazarmu ke shiga ciki ta yi kwanci, kuma ba a taɓa jin ta nemi ladan unguwarzoma ba.

Yanzu sai maganar ciwon ajali, kuma a nan ne alƙalamin malamin da ke rubuta mini ya yi nauyi, don na sa shi ya tsaya sau biyu.

Kafin saukar ruwan bana malamin gona ya zo garinmu da takin zamani, fari fat, a buhu. Ni ne na tashi a ƙofar gidan maigari na ce wannan gishirin Bature ne, gonar ubana kuwa ba miya ba ce. Aka yi dariya, har aka tafa mini. Da ruwa ya zauna, na ga geron maƙwabcina Mode ya yi baƙi ƙirin don kore, nawa yana kallonsa kamar maraya. Zuciya ba ta da kunya. Na bi Mode a gona, na sa shi ya rantse ba zai faɗa ba, ya tsakuro mini mudu huɗu, da nufin in gwada a albasa in rani ya yi. To ina zan ɓoye? Ɗaki akwai idon yara, zaure akwai idon baƙi. Sai na kori kaza, na juye shi cikin marigayiya, na toshe da tsumma, na tura ta bayan rumbu inda jinka ke ɗiga. Wata uku tana zaune a laima da wannan abu a cikinta, ba ta ce "ɓam" ba ko sau ɗaya, ni kuma ban tambayi dalili ba.

Ranar Asabar na je ɗaukarta. Na kama mariƙi na ɗaga, ta ce "ƙaras." Maganarta ta ƙarshe ke nan. Jikinta ya biyo hannuna, gindinta ya tsaya a ƙasa, ya zama jar ƙasa mai dunƙule-dunƙule. Lotsawar kan Inno, wadda shekara goma sha huɗu suka ƙera, ita takin ya fara ci. Na durƙusa ina lalube cikin tsatsa, ban sami ko girman ƙumba ba. Don a ƙara mini haushi, ciyawar da ke kewaye da wurin ta yi kore shar har gwiwa.

Na yi kuka, ba na ɓoyewa. Sannan na yi abin da ya fi kukan muni. Na shiga gida ina faɗa, na ce wata ce ta jiƙa kanwa a ciki. Gidan kuwa mace ɗaya ce. Kwana biyu Rahamatu tana kawo mini tuwo kanta a sunkuye. Jiya Maniru ya same ni a zaure, ya daɗe yana sosa ƙeya, sannan ya ce matarsa ta gan ni tun ranar da na ɓoye abin, kuma tsohuwar tabarmar da na tarar a kan garwar ita ce ta rufa, har sau biyu iska na yayewa tana mayarwa. Ta yi shiru ne don kada Baba ya ji kunya. To, ga shi na ji, kuma gara in ji ta gaban kowa. Ku shaida, jama'ar Shagari da Bodinga: Rahamatu ba ta da laifi. Ni na kashe Garwar Inno, da gishirin da na zaga da bakina.

Marigayiya ta bar ɗa ɗaya, fitilar aci-balbal da aka ƙera daga samanta ranar da ta zo, yana nan da ransa sai dai yawan hayaƙi. Ta bar 'yar'uwarta ta tagwaye, wadda aka baje aka yi ƙyaure da ita a ɗakin wata mai waina a Shagari. An aika mata, an ce da aka faɗa mata ta yi ƙara, ko da yake kullum ma tana yi. Ta bar akwatin da suka zo ciki, wanda yanzu shi ne kujerata. Ta bar abokan aiki: ƙwarya mai ɗinki tara, gugan da aka yanka daga tsohuwar robar mota, kwalbar magani da ke riƙe da man gyaɗa, da takalmina na taya waɗanda suka zaga ƙasar nan sau biyu, sau ɗaya da mota, sau ɗaya da ni. Ta bar jikoki 'yan tsaki da ba a san adadinsu ba, yawancinsu mun cinye. Akwai kuma wani sabon bokiti mai sheƙi da ya zo daga Sakkwato cikin kayan Rahamatu. Ban so sa shi cikin dangi ba, don bai taɓa ɗaukar kashin akuya ba, amma ku biyo ni, za ku ji.

Game da jana'iza, na je wurin Liman na tambaya ko akwai addu'ar da ta dace. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce in ji tsoron Allah, in kuma rage zama cikin rana. Saboda haka ba salla, ba kabari. Kuma ba kududdufi.

Gobe Talata, bayan sallar asuba, jakin Mode zai ɗauki gawa zuwa rumfar Yahaya a Bodinga. Mode ne ya kawo ajali, ya kamata jakinsa ya yi wahala. Yahaya ya duba ta tun da daɗewa, ya san inda ke da sauran rai. Ɓangare ɗaya za a fitar da fitila biyu. Ɗaya za a yi mazurarin mai. Mai huda ashirin ɗin nan ba ya bukatar komai, magogin rogo ne tun yanzu. Na huɗu, mai ƙulun mulkin kai, zai toshe ƙofar akurki inda muzuru ke leƙe. Guntayen da suka rage za a huda su a jera a igiya, a rataya a gonar gero baɗi, ta ci gaba da cewa "ƙwal, ƙwal" tana korar tsuntsaye. Tsatsar gindinta na riga na share ta da hannuna, na zuba a ramin taki. Duba-gari ya zo Laraba ya duba har ƙarƙashin gado.

Za a zauna karɓar gaisuwa kwana uku a zaurena. Kada kowa ya zo da kuka. Mai niyyar sadaka ya zo da toka, ko ɓawon gyaɗa, ko abin da awakinsa suka bari, ramin taki na hannun hagu in an shigo. Za a raba goro, amma ganyen da aka ƙunshe shi a mai da shi rami. Kowa ya zo da moɗarsa. Wanda ke da wani abu mai yoyo a gida, kada ya yar, ya kawo mu duba shi tare, wataƙila yana da sauran aiki uku a gaba. Wanda kuma ya zo don ya tambaye ni labarin gishirin Bature, ƙofa tana nan inda ya shigo.

Saura mariƙi. Wannan itacen marke, hannun Inno ya goge shi har yana ɗaukar ido, kuma shi kaɗai ya rage da ya san tafinta. Na yi niyyar in sa shi ƙarƙashin matashina. Yau da safe na je cire shi, na tarar babu, sai ramin ƙusa biyu. Na ce shi ke nan, an hura wutar koko da shi. Na fito ƙofar gida, sai ga Rahamatu ta nufi rijiya da sabon bokitinta. Ta ɗaure itacen a jikin wayar bokitin da igiyar rama, ɗauri irin na Inno, ta riƙe shi daidai inda ya fi santsi. Ta rusuna ta gaishe ni, na amsa. Na tsaya ina kallo har ta sha kwana.

Don haka masu rakiyar gawa su yi haƙuri, mariƙin ba zai sami zuwa Bodinga ba. Yana wurin aiki.

Mai sanarwa,
Arzika ɗan Sodangi, Lambara.