Ranar da Na Cinye Maganin Zuciya

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na cinye maganin zuciya na aji guda ba, kuma ko na so in manta, ƙawayena ba za su bari ba.

A shekarar yunwa ne, tamanin da uku, ina wata na uku a makarantar koyon aikin nas a Tamale. Da safe a ba mu koko tsararo ba sukari, da rana tuwon masarar agaji. Duk da haka abinci ne sau biyu a rana, abin da babu a gidanmu na unguwar Lamashegu. Ranar da zan tafi makaranta mahaifiyata, Mma, ta ce mini, "Ki riƙe wurin nan da hannu biyu. In an koro ki, ban san abin da zan zuba miki a kwano ba."

Ni kuwa ilimin magunguna, wanda muke kira famako, ya shiga raina ba kaɗan ba. Yadda magani ke shiga jiki, ya bi jini, hanta ta sarrafa shi, ƙoda ta fitar da shi, wallahi ya fi mini hirar samari daɗi. Kafin malama ta rufe baki hannuna yana sama. (Fusena, ƙawata da ke kwana a gadon ƙasa da nawa, ta sa mini suna Likitar Gobe. A wautata na ɗauka yabo ne.)

Matsalar ita ce babu maganin da za a nuna mana. Marasa lafiya ma takarda ake rubuta musu su je su nemo a gari, balle ɗalibai. Sai malamarmu Sista Azara, wata doguwar Badagomba da ba a taɓa ganin haƙorinta ba, ta yi dabara. Ta zo da gwangwanin madara cike da hatsi. Masara ita ce ƙwayar zazzaɓi, wake shi ne kafso. Gyaɗa kuwa ta rina ta da GV, shuɗin maganin nan da ake shafa wa gyambo, ta ce ita ce maganin zuciya mai haɗari da ake sawa a ƙarƙashin harshe. Da su muke koyon awon dos da jera magani a tire.

In magana ta yi zafi, Sista kan ajiye Turanci ta koma Hausar kasuwar Tamale, inda mace da namiji duk "kai" ne. Ta ce, "Wannan ba gyaɗa ba ne, magani ne. Nas da ya taɓa maganin mara lafiya, ya ɗauki akwatinshi ya tafi gida. Kun ji?"

Sannan ta miƙa mini gwangwanin, wai ni zan riƙa ajiye shi. Ranar ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba don murna.

Ana nan sai ranar gwaji ta zo, ranar da Matiron, shugabar nas-nas, da kanta za ta yi mana tambayoyi, duk ɗalibar da ta faɗi ta koma gida. Na haddace komai, ina ta ɗoki. Sai dai a safiyar koko bai fito ba, wai itacen girki ya ƙare. Aka tura ni ajin gwaji ni kaɗai in jera kaya. Ina buɗe gwangwani ƙamshin gyaɗa ya daki hancina, cikina ya amsa da ƙara.

Nan fa ilimi ya zame mini fitina. Na ce wa kaina, ai GV har jarirai ake shafa wa a baki, dos kaɗan ba ya kisa. Na murje ɓawon guda ɗaya na jefa a baki. Na kuma tuna cewa magani sai an maimaita yake aiki, na ƙara. (Shaiɗan ma, ina jin, ya karanta famako.) Kafin in ankara saura uku. Na jera su a tire da kyau, na ɗauko auduga da sifirit na goge yatsuna tas, har ina yaba wa kaina da wayo. Madubi ne dai babu a ajin.

Matiron ta shigo, wata ƙatuwar mata daga Kumasi, hularta fara fat. Tambayar farko: ta waɗanne hanyoyi ake ba da magani? Ai kafin ta dire na miƙe.

Na fara zubowa. Ta baki, ta allura a tsoka, a jijiya, a ƙarƙashin fata, ta dubura. Na ji 'yan aji suna ƙus-ƙus, na ce hassada ce. Na ga Fusena tana nuna mini leɓenta da yatsa, na zaci cewa take in ɗaga murya, na kuwa ɗaga.

Matiron ta karkata kai tana kallon bakina. Ta tambaye ni dalilin da ake sa wani magani a ƙarƙashin harshe. Daɗi ya kashe ni, don wannan ce tambayar da na fi so. Na ce wurin cike yake da ƙananan jijiyoyi, magani na shiga jini nan take ba sai ya bi ta ciki da hanta ba.

Ta ce, "To, nuna wa 'yan'uwanki wurin."

Na juya na fuskanci aji, na wangame baki iya ƙarfina, na ɗaga harshe.

"Ei! Awurade!" in ji Matiron, tana kiran Ubangiji da yarensu, ta dafe ƙirji.

Sista Azara ta matso. Ta ɗauko kwanon ƙarfe mai ƙyalli ta kara mini a fuska. Harshena, dasashina, har tsakanin haƙorana, kamar an tsoma su a marina. Ta dubi gyaɗa uku a tire, ta dube ni. Aji ya fashe da dariya, wata har da faɗowa daga benci. Ni ban ji dariyar ba sosai, kwanon Mma nake gani.

"Kar ka rufe," in ji Sista. Ta juya ga aji. "Ku yi layi. Kowa ya zo ya ga inda ake sa maganin, yau an shafa muku kala."

Haka na tsaya baki buɗe, hawaye na zuba, ɗalibai suna wucewa ɗaya bayan ɗaya suna leƙa harshena. Matiron ta toshe baki da hankici, kafaɗunta na rawa.

Bayan an tashi Sista ta kira ni ofis. Na durƙusa tun daga bakin ƙofa. "Sista, don Allah don Annabi kar a kore ni. Gidanmu babu abinci."

Ta rufe ƙofa, ta daɗe tana kallona. A lokacin na lura da yadda ƙashin wuyanta ya fito, rigar aikinta tana reto a jikinta.

Ta ce, "Kai kana tsammani don ku na shafa GV? Masara da wake ba mai iya cin shi ɗanye. Gyaɗa na farko da na saya muku, ni na cinye shi a hanya, daga unguwarmu Kalpohin zuwa nan. Shi ya sa na rina na biyu, in hana kaina." Ta ja numfashi. "Tashi. Ka ci gwaji. Amma gwangwani, kawo."

Kwana uku ina magana baki a tsuke kafin shuɗin ya fita. Daga baya na yi shekaru ina riƙe makullin kabad ɗin magani, ko rabin ƙwaya bai taɓa ɓata a hannuna ba. Sai dai kar ku yabe ni da yawa. Na riga na san iyakar amanata, don haka ban sake karɓar makulli ba sai na karya kumallo.