Yadda Ake Tsere wa Gayya da Taimakon Dabbar da Ta Ƙare

Kai da ka dawo ƙauye da digiri babu aiki, ga taki ya gagari talaka, ga babanka Malam Nababa ciwon baya ya hana shi duƙawa: kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari damina za ta wuce hannunka bai yi kanta ba.

1. Zaɓi dabbar da ba mai ƙaryata ka

Kada ka ce akuya kake bincike, kowa a Bagwai ya fi ka saninta. Ɗauki wata ƙatuwar dabba mai nawar tafiya ta Kudancin Amurka: girman giwa, farata kamar lauje, tana miƙewa kan ƙafa biyu ta jawo reshe ta ci. Ta ƙare tun dubban shekaru, don haka ba za ta zo ta ba da shaida ba.

2. Kiyaye ranakun gayya

Ka san tsarin. Kowane gida ya ba da mutum ɗaya, yau a nome gonar wannan, gobe ta wancan, gidan da bai je ba kuwa ba a zuwa masa. A gidanku kai ne mutumin. Ranar gonar Mati, rungumi waya ka zauna gindin darbejiya, ka ce masana na jayayya kan ko da gefen ƙafa dabbar take takawa, kuma ba za su gama ba sai da kai. Ranar ta Sama'ilu ka ce jayayyar ta yi tsanani.

3. Kare malmalarka da ilimi

In innarka ta yi ƙorafin kana ci ba ka motsi, bayyana mata cewa dabbar ma haka take, a hankali jikinta ke narkar da abinci, kuma masana ba su kira wannan lalaci ba. Za ta kwashe kwano ta wuce. Ɗauka ta gamsu.

4. Ranar gonarku

An dama kunu, an turara dambu da ɗan sauran hatsin gidan. Hantsi zai yi, ko mutum ɗaya bai zo ba. Babanka zai ɗauki fartanya yana dafe da ƙugu. Kada ka kalle shi, abin tausayi ne, tausayi kuwa yana ɓata bincike. In ya tsaya ya tambaye ka me ya ƙarar da dabbar taka, faɗa masa gaskiya: cinta da yawa, yanayi ya juya, mafarauta suka tarar ba ta iya gudu.

Zai jinjina kai ya ce, "Allah sarki. Ashe ita ma da mai jiran ta."

Ba da kai yake ba, koma kan wayarka.

5. In kaka ta yi

Ciyawa ta cinye geron, rumbu wayam. Nan ne iliminka zai yi rana. Gaya wa tsohon cewa dangin dabbar ƙanana, da suka rage jiki suka haye bishiya, su suka tsira. Ku ma ku rage. Me tsoho mai ciwon baya zai yi da gonar gado mai wannan faɗi?

Gargaɗi

Mai wannan jagora ba ruwansa da hawayen Malam Nababa, ko gorin da za a yi wa innarka a bakin rijiya. Shawara ya bayar kyauta, saboda zaman tare. Sai dai a tuna, gonata ce ke iyaka da taku ta gabas, kuma in an tashi sayarwa, maƙwabci ake fara yi wa tayi.